Baitulmali da Ƙwayar Lantarki: Me Gwamnati Ke Saya da Kuɗin Tallafi?



Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne wani ɗan ƙanƙanen abu wanda girmansa bai wuce farcen ɗan yatsa ba, amma manyan daulolin duniya sun buɗe baitulmalinsu suna gasar mallakarsa. Masana suna kiransa semikondakta, mu kuwa a wannan lacca za mu kira shi ƙwayar lantarki. Daga shekarar 2021 zuwa yau, Amurka da Sin da Japan da Indiya da Tarayyar Turai duk sun ware maƙudan kuɗi don tallafa wa masu ƙera wannan ƙwaya. Tambayar da nake so mu sa a gaba ita ce: idan gwamnati ta ɗebi dukiyar talakawa ta miƙa wa kamfani mai zaman kansa, me take saya? Amsar da zan kare a gabanku ita ce, kuɗi yana sayen gini da injuna, amma ƙwarewa da kasuwa sai an ɗaura wa tallafin sharaɗi, kuma sai gwamnati tana da ƙarfin halin janye hannu daga wanda ya kasa cika sharaɗin.

Mece ce ƙwayar lantarki?

Asalin ƙwayar nan yashi ne. Ana tace shi a fitar da wani sinadari mai suna silikon, a narkar, a yanka shi faifai-faifai, sa'an nan a yi amfani da haske a zana miliyoyin ƙananan makunnai a kan kowane faifai. Kowane makunni ana kiransa taransisto, sunan da dattawan cikinmu suka sani tun zamanin ƙaramin rediyo mai batir. Aikinsa ɗaya ne tak, watau ya bar wuta ta wuce ko ya hana ta. Daga wannan kunnawa da kashewa ne duk lissafin kwamfuta ya samo asali. Ƙwayar da ke cikin babbar wayar salula ta zamani tana ɗauke da taransisto fiye da miliyan 10,000. Haka kuma akwai ƙwayoyi a cikin mota, da firiji, da mitar wuta, da katin banki, da injin hoton asibiti, da jirgin yaƙi.

Abu biyu ya kamata mu riƙe game da sana'ar ƙera ta. Na farko, tsada. Masana'anta guda ta zamani tana cin dala miliyan 20,000 ko fiye, ginin yana ɗaukar shekaru, kuma faifai ɗaya yakan yi kimanin wata uku yana bin matakai ɗaruruwa kafin ya zama abin sayarwa. Na biyu, aikin a rarrabe yake tsakanin ƙasashe, kuma kowane mataki ya taru a hannun 'yan ƙalilan. Galibin zanen manyan ƙwayoyi a Amurka ake yi. Injin da ke zana mafi ƙanƙantar taransisto kamfani ɗaya ne a duniya ke ƙera shi, watau ASML na ƙasar Holan, madubin da ke cikinsa kuwa daga kamfanin Zeiss na Jamus yake zuwa. Japan ce kan gaba wajen faifai da sinadarai. Koriya ta Kudu ta riƙe ƙwayoyin ajiyar bayanai. Ƙera ƙwayoyi mafiya inganci kuwa, kimanin kashi 90 cikin 100 yana hannun kamfanin TSMC na tsibirin Taiwan, tsibirin da gwamnatin Sin ke cewa yankinta ne. Wannan shi ne tushen fargabar da ta sa gwamnatoci suka tashi tsaye.

Hannun gwamnati tun daga farko

Akwai masu cewa shigar gwamnati cikin wannan sana'a baƙon abu ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. An ƙirƙiro taransisto a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1947. Jack Kilby a 1958 da Robert Noyce a 1959 suka gano yadda za a haɗa taransisto da yawa a kan ƙwaya guda. A farkon shekarun 1960 ƙwayar ta yi tsadar da ɗan kasuwa ba zai iya saya ba, saboda haka gwamnatin Amurka ce ta sayi mafi yawanta, domin makami mai linzami na Minuteman da kuma kumbon Apollo mai zuwa duniyar wata. Lura da irin wannan tallafi: gwamnati ta shigo ne a matsayin mai saye, mai saye kuwa mai tsanani, wanda ba ya karɓar kaya sai sun cika ƙa'ida. Da aka yi ta ƙerawa hannu ya faɗa, farashi ya sauka, 'yan kasuwa suka shigo.

Japan ta bi wata hanyar. Daga 1976 zuwa 1980 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta tara manyan kamfanoni biyar, Fujitsu da Hitachi da Mitsubishi da NEC da Toshiba, ta sa su bincike tare a ɗaki ɗaya, gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin. Da suka fita daga ɗakin bincike kuwa, kowa ya koma yana gogayya da ɗan'uwansa a kasuwa. Sakamakon haka, a 1985 kamfanin Intel ya bar ƙera ƙwayoyin ajiya domin ya kasa ja da Japanawa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 kimanin rabin kasuwar duniya yana hannun Japan. Amurka ta mai da martani da yarjejeniyar ciniki ta 1986, da kuma kafa gamayyar bincike ta SEMATECH a 1987, wadda gwamnati ke ba ta dala miliyan 100 a shekara, kamfanoni su ma su kawo nasu.

Amma misalin da ya fi cancantar nazari shi ne na Taiwan, domin ita ba mai arziki ba ce lokacin da ta soma. A 1973 ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu mai suna ITRI. A 1976 ta sayi fasaha daga kamfanin RCA na Amurka, kuma muhimmin abin da ke cikin cinikin shi ne tura samarin injiniyoyi su zauna a masana'antun kamfanin su koyi aikin da hannunsu. Da suka komo aka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. A 1980 aka buɗe unguwar masana'antu ta Hsinchu kusa da jami'o'i biyu, aka kuma fitar da kamfanin UMC daga cikin cibiyar. A 1985 gwamnati ta gayyato Morris Chang, wanda ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments, ya shugabanci cibiyar. A 1987 ya kafa TSMC. Asusun raya ƙasa na gwamnati ya sa kimanin kashi 48 na jarin, kamfanin Philips na Holan ya sa fiye da kashi 27, attajiran gida suka cike saura.

Ku dubi tazarar da ke tsakanin 1973 da 1987: shekara 14 ana horar da mutane kafin a kafa babban kamfani. Sa'an nan kamfanin da aka kafa ba a killace masa kasuwar gida ba, domin babu wata kasuwar gida ta a zo a gani. Tilas ya nemi masu saye a waje, waɗanda ba ruwansu da ko gwamnati na da jari a ciki. Daɗin daɗawa, gwamnati ba ta naɗa masa shugabanni don biyan bukatar siyasa ba, kuma sannu a hankali ta rage hannun jarinta har ya komo kimanin kashi 6. Masaniyar tattalin arziki Alice Amsden, wadda ta yi nazarin bunƙasar Koriya ta Kudu, ta nuna cewa sirrin ƙasashen gabashin Asiya shi ne ba a ba da tallafi kyauta, sai a madadin wani aiki da za a iya aunawa, musamman sayar da kaya a kasuwar waje. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan ƙa'ida da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Shekarar da ƙwaya ta yi wuya

Me ya farkar da ƙasashen Yamma? Da annobar korona ta ɓarke a 2020, kamfanonin motoci suka zaci ciniki zai mutu, suka soke odar ƙwayoyinsu. A daidai lokacin kuma jama'a na zaune a gida suna sayen kwamfuta da waya, sai masu ƙera ƙwaya suka karkata ga waɗannan. Da cinikin mota ya farfaɗo, masu motoci suka komo suka tarar layi ya yi tsawo. Sai masifu suka biyo juna a 2021: a Fabrairu tsananin sanyi ya katse wuta a jihar Texas ya rufe masana'antu, a Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Japan, fari kuma ya addabi Taiwan, alhali sana'ar tana shan ruwa ƙwarai. Kamfanin bincike na AlixPartners ya ƙiyasta cewa masu ƙera motoci za su yi asarar cinikin dala miliyan 210,000 a wannan shekara. Mota ta dubban daloli ta tsaya a fili don rashin ƙwayar da kuɗinta bai kai dala biyu ba.

A 2022 yaƙin Yukiren ya sake fito da wata ɓaraka, domin kusan rabin iskar niyon da ake bukata wajen zanen ƙwaya daga kamfanoni biyu na Mariupol da Odesa take fitowa. A nan ne 'yan majalisar Amurka suka waiwayi lissafi, suka ga rabon ƙasarsu a ƙera ƙwaya ya faɗo daga kashi 37 a 1990 zuwa kashi 12 a 2020. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga tafiya ta zo.

Gasar zuba kuɗi

Ranar 9 ga Agusta 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar CHIPS, wadda ta ware dala miliyan 52,700. Daga ciki miliyan 39,000 na tallafin gina masana'antu ne, saura galibi na bincike da horo, ban da rangwamen haraji na kashi 25, wanda aka ɗaga zuwa 35 a 2025. An amince wa Intel dala miliyan 7,860, TSMC kuma miliyan 6,600 don masana'antunsa na Arizona. Dokar ta zo da sharuɗɗa: ana sakin kuɗi kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki, wanda ya karɓa ba zai faɗaɗa ƙera manyan ƙwayoyi a Sin ba har shekara 10, kuma idan riba ta zarce abin da aka ƙiyasta, baitulmali na da rabo.

Tarayyar Turai ta zartar da tata dokar a 2023, da burin tara yuro miliyan 43,000 da kai rabonta kashi 20 na duniya nan da 2030. Japan ta ɗauki nauyin har yen miliyan 476,000 don masana'antar TSMC da aka buɗe a Kumamoto a Fabrairu 2024, ta kuma tsaya wa sabon kamfanin Rapidus da aka kafa a 2022. Indiya ta ware kimanin dala miliyan 10,000 a Disamba 2021. Sin kuwa ta riga kowa: ta kafa babban asusun ƙwaya a 2014 da yuwan miliyan 138,700, ta ƙara na biyu a 2019, na uku kuma a 2024 da yuwan miliyan 344,000. Gasar ba ta tsaya ga ba da kuɗi ba. A Oktoba 2022 Amurka ta hana sayar wa Sin manyan ƙwayoyi da injunan ƙera su, a 2023 Sin ta rama da taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom.

Masu goyon bayan wannan siyasa suna da hujja mai ƙarfi. Kamfani yana lissafin ribarsa ne kaɗai, ba ya sa asarar da ƙasa za ta yi cikin lissafi idan hanya ta toshe. Saboda haka tallafi kamar kuɗin inshora ne. Masu suka su ma suna da tasu hujjar: idan kowace ƙasa na ba da tallafi, kamfani sai ya zauna yana gwanjon kansa, a biya shi don ya gina abin da da ma zai gina.

Inda kuɗi ya gaza

Yanzu mu duba abin da ya biyo baya, domin a nan darasin yake. A birnin Wuhan na Sin, wani kamfani mai suna Hongxin ya yi alkawarin aikin kusan dala miliyan 20,000, hukumomin yankin suka ba da fili da kuɗi, amma a 2020 aikin ya tsaya cik, bai taɓa sayar da ƙwaya ba. Rukunin Tsinghua Unigroup, ɗan lelen babban asusun, bashi ya durƙusar da shi a 2021. A 2022 aka soma binciken shugabannin asusun kansa kan cin hanci. Burin da aka sa a 2015, na cewa Sin za ta wadata kanta da kashi 70 nan da 2025, bai cika ba. Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen: a Agusta 2023 kamfanin Huawei ya fitar da waya mai ƙwayar da SMIC ya ƙera a cikin gida duk da takunkumi, kuma Sin ta yi ƙarfi ainun a ƙwayoyin tsohon yayi. Watau kuɗin ya yi aiki inda ya tarar da ƙwararru da masu saye, ya salwanta inda ya tarar da 'yan neman kwangila.

A Jamus, gwamnati ta yi wa Intel alkawarin kusan yuro miliyan 10,000 don masana'antar Magdeburg. A Satumba 2024 kamfanin ya ɗage aikin, a Yuli 2025 ya soke shi, domin ba shi da isassun masu saye. Abin da ya ceci mai biyan haraji shi ne ba a saki kuɗin ba tukuna. A Afrilu 2025 kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce da wuya ƙwarai a cimma burin kashi 20. A Amurka, Intel ya ɗage masana'antarsa ta Ohio zuwa 2030 ko bayan haka, kuma a Agusta 2025 gwamnati ta mai da tallafin dala miliyan 8,900 ya zama hannun jari na kimanin kashi 10. Wannan mataki yana da haɗarinsa, domin gwamnatin da ta zama mai jari takan ji nauyin barin kamfani ya faɗi ko da ya cancanci faɗuwa. Japan ta ɗanɗana wannan: ta ceto kamfanin Elpida da kuɗin jama'a a 2009, ya karye a 2012.

Akwai kuma darasi na ƙarshe daga Holan. A ƙarshen Satumba 2025 gwamnatin ƙasar ta karɓe ikon kula da kamfanin Nexperia, wanda 'yan Sin suka mallaka. Sin ta hana fitar da ƙwayoyin kamfanin da ake harhaɗawa a ƙasarta, nan take masu ƙera motoci suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ƙwayoyin nan masu araha ne, na tsohon yayi, irin waɗanda manyan dokokin tallafi ba su mai da hankali a kansu ba. Wannan ya nuna cewa babu ƙasar da za ta wadatu da kanta a wannan sana'a, ko nawa ta kashe. Ƙwayar da aka ƙera a Arizona tana bukatar injin Holan da sinadarin Japan. Iyakar abin da tallafi zai saya shi ne rage dogaro ga wuri ɗaya.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, wani zai ce ina ruwan biri da gada. Ruwanmu ta fuska biyu ne. Ta farko, mu masu saye ne: wayoyinmu, da na'urorin bankunanmu, da motocin da muke shigowa da su, duk farashinsu yana bin wannan kasuwa. Ta biyu, mu ma mun taɓa gwada siyasar masana'antu. An soma aikin ƙarafa na Ajakuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka kashe dukiya mai yawa, aka ce aiki ya kai kashi 98 tun 1994, amma babbar tanderunsa ba ta taɓa narka tama ba. Shekarun da Taiwan ta soma nata aiki su ne kusan shekarun da muka soma namu. Su sun soma da mutane suka ƙare da gini. Mu kuwa da gini muka soma.

Ba na ba da shawarar Nijeriya ta shiga gasar gina babbar masana'antar ƙwaya. TSMC shi kaɗai yana shan wajen kashi 8 na wutar Taiwan, kuma ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci tana iya lalata aikin watanni, alhali wutar da babban layinmu ke rabawa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma sarƙar tana da gaɓoɓi da yawa. Maleshiya ta buɗe yankin ciniki marar haraji a Penang a 1972, ta karɓi aikin harhaɗa ƙwaya da gwada ta, yau tana riƙe da kimanin kashi 13 na wannan aiki a duniya. Indiya ta yi shekaru tana tara injiniyoyin zanen ƙwaya kafin ta yi tunanin gina masana'anta, zane kuwa kwamfuta da ilmi yake bukata. Mu ma muna da kuza a tsaunukan Jos, wadda da irinta ake liƙa ƙwaya a kan allonta, amma galibi ɗanye muke fitar da ita.

Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure, waɗanda wata rana takardar neman tallafi za ta zo teburinsu, ko ta ƙwaya ce ko ta taki ko ta siminti, ina roƙon su yi tambayoyi huɗu kafin su sa hannu. Wane haɗari ne takamaimai wannan kuɗi zai rage wa ƙasa? Wa zai sayi kayan da kuɗinsa, ba don an tilasta masa ba? Mutum nawa za su ƙware, kuma ƙwarewar za ta zauna a ƙasa idan kamfanin ya tashi? A wace rana, kuma bisa wane ma'auni, za a dakatar da biya idan ba a cika alkawari ba? Takardar da ba ta amsa ta huɗu ba, kada a sa mata hannu, ko da ta amsa ukun farko.

Ga ɗalibai kuma, musamman na sashen kimiyya da injiniya, ku tuna cewa samarin da Taiwan ta tura koyon aiki a 1976 ba su fi yawancinku shekaru da yawa ba, kuma daga cikinsu ne aka sami waɗanda suka shugabanci manyan kamfanonin ƙasar daga baya. Ku riƙe lissafi da kimiyyar lantarki da kyau, domin duk ranar da ƙasar nan ta shirya yin wannan aiki da gaske, ku za a fara nema.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.